Aljannar Da Aka Gina Da Rake: Ziyara A Gidan Harewood

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku ƙananan ma'aikata masu jiran ranar da za a tura ku kwas ƙasar Turai, akwai wani hoto da na tabbata kowannenku ya taɓa gani. Mutuminmu ne a tsaye, ya sha kwat, ko kuwa ya ɗora babbar riga a kan rigar sanyi, a bayansa ga wani tamfatsetsen gida na dutse mai tagogi ba iyaka, a gabansa ga ciyawa kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Yana murmushi irin na wanda ya isa inda za shi. Hoton yakan riga mai shi isowa gida, a yi ta yawo da shi hannu-hannu, tsofaffi suna sa albarka, samari suna haɗiyar yawu. Ni ma na tsaya an ɗauke ni irin wannan hoto, kuma kunyar da ya bar mini ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Gidan da nake magana a kansa sunansa Harewood. Yana lardin Yorkshire a arewacin Ingila, kimanin mil bakwai daga birnin Leeds, a kan hanyar da ta nufi Harrogate. Lokacin da nake karatu a can, mu shida muka shiga bas mai lamba 36 wata ranar Asabar, dukanmu 'yan gida ɗaya, huɗu ɗalibai, biyu ma'aikatan gwamnati da aka turo kwas. Muka sauka a ƙauyen, muka bi ta ƙarƙashin wata babbar ƙofa ta dutse, muka yanki tikiti, muka kama tafiya a ƙasa cikin itatuwa har gidan ya bayyana. Ba zan yi muku ƙarya don in gyara hujjata ba: wurin nan yana da kyau, kyau irin wanda yake sa mutum ya rage murya ba tare da an ce ya rage ba.

An aza harsashin ginin a 1759, aka gama a 1771. Wani magini ɗan York mai suna John Carr ne ya zana shi, Robert Adam kuma, wanda a zamaninsa babu kamarsa wajen ƙawata ɗakuna, shi ya tsara cikinsa. Kujeru da tebura da gadaje da madubai aikin Thomas Chippendale ne, kafintan da har yau Turawa ke ambaton sunansa da girmamawa, haifaffen garin Otley nan kusa, wanda a duk rayuwarsa bai taɓa samun kwangilar da ta kai ta gidan nan ba. In ka ɗaga kai sai wuyanka ya gaji da kallon zanen rufi da ruwan zinariya. A wani dogon zaure mai cike da hotunan kakannin gidan akwai labule a saman tagogi, wanda za ka rantse siliki ne ya sauko yana lanƙwasa. Sai an gaya maka sannan za ka san katako ne aka sassaƙa aka shafa masa fenti.

Daga nan muka fita ta kudancin gidan, muka tsaya a kan dandamalin da Charles Barry ya ƙara a shekarun 1840, shi ne kuwa wanda ya zana ginin Majalisar Dokokin Birtaniya a Landan. Ƙasa da mu ga furanni an jera su cikin zane kamar aikin wuyan riga, da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya. Gaba da su ƙasa ta gangara a hankali zuwa wani tafki, tumaki na kiwo, itatuwa sun taru rukuni-rukuni a kan tudu. Iyakar ganinka babu katanga, babu bukka, babu mai fartanya. Eka dubu ke nan aka keɓe don ido kawai. Nan ne ɗaya daga cikin ma'aikatan nan biyu, mutum mai natsuwa wanda ya girme ni, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ka ga inda mutane suke. Allah ya ba mu ko da kwatankwacin ɗakin maigadin gidan nan kafin mu yi ritaya." Sauran suka ce amin. Ni ma, Allah ya gafarta mini, na ce amin.

Da wannan amin nake faɗa. Mu shida, duk da tarin takardun shaidar da ke akwatunanmu, babu wanda ya yi tambayar da kowace tsohuwa a ƙauyenmu za ta fara yi in ta ga yaro ya shigo gari da sabuwar mota: a ina ya samo? Amsar kuwa ba a rami take ba. Tana rubuce a littattafan tarihi, tana cikin takardun gidan, har masu kula da gidan ma sun daina ɓoye ta. Mu ne dai ba mu je da niyyar ji ba.

Wanda ya tara dukiyar sunansa Henry Lascelles, an haife shi a 1690. Yana saurayi ya tafi Barbados, wani ɗan tsibiri a tekun Karibiyan da bai kai murabba'in mil 170 ba, wanda Ingilishi suka mayar gandun rake tun shekarun 1640. A can ya zama shugaban kwastan na tashar jiragen ruwa ta Bridgetown. Ma'aikata, ku saurara da kyau: ma'aikacin gwamnati ne, mai karɓar kuɗin fito, kamar yadda waɗansunku za su zama gobe. Da ya tashi komawa Landan sai kujerar ta faɗa hannun ɗan'uwansa Edward. An yi ta zarginsu da ha'inci a kuɗin Sarki, har aka yi bincike, amma guguwar ta wuce, dukiya tana nan daram. Bayan kwastan ya haɗa da kwangilar ciyar da sojojin ruwa, da fataucin sukari, da ba masu gandu bashi da ruwa, da kuma fataucin 'yan Adam. A shekarun 1730 shi da abokan cinikinsa suka girke jiragen ruwa a gaɓar Anomabo, a ƙasar da yau ake kira Gana, jiragen da ba su zuwa ko'ina, suna nan tsaye a kan teku, su ne kanti su ne kurkuku, ana tara bayi a cikinsu har jirgin da zai ƙetara da su ya zo ya yi lodi. Da ribar waɗannan sana'o'i ya sayi ƙasar Harewood a ƙarshen shekarun 1730, ya shiga Majalisa a 1745, ya mutu a 1753 yana cikin mafiya arziki a Ingila. Ɗansa Edwin ne ya gina gidan da muka tsaya muna yi wa amin.

Magadansa ba su tsaya nan ba. Masu gandun da suka ci bashi suka kasa biya, musamman da yaƙin 'yancin Amurka ya rikita ciniki, sai aka shiga karɓe gonakin da suka jinginar da duk abin da ke cikinsu: injuna, dabbobi, mutane. Kafin ƙarshen shekarun 1780 gidan Lascelles ya mallaki dubban ekoki da bayi kusan dubu uku a Barbados da Jamaika da waɗansu tsibiran. Shekarun da ake ƙwace gandayen nan su ne shekarun da ake haƙa tafkin da ya burge mu.

Ya kamata mu ɗan daɗe a gandun nan, tun da mun daɗe a kan dandamali. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake yin mazarƙwaila a ƙasar Zazzau ya san rake ba ya jira: in an sare shi dole a matse shi nan da nan, a dafa ruwan kafin ya yi tsami. To, ku ɗauki wannan aiki ku ninka shi sau dubu, ku cire lada, ku sa bulala. Maza da mata aka jera sahu-sahu suna haƙa ramukan shuka a cikin rana, suna ɗaukar taki a ka, mai bulala yana biye. In kaka ta yi, injin matsa da ɗakin dahuwa ba su tsayawa dare da rana. Wanda gyangyaɗi ya ɗauka yana tura rake a inji, sai ƙarfe ya cafke masa hannu, saboda haka akan ajiye adda kusa don a datse hannun kafin injin ya ja sauran jiki. A zamanin Henry Lascelles waɗanda ke mutuwa a gandayen Barbados sun fi waɗanda ake haifa yawa, masu gandu kuwa sun yi lissafi sun ga sayen sabon bawa daga Afirka ya fi renon jariri araha. Wannan lissafi ne ya sa jiragen Anomabo ba su rasa ciniki ba, shi ne kuma ya biya Chippendale ladan sassaƙa katako har ya yi kama da siliki.

Yanzu mu koma lambun, domin a ganina ya fi ɗakunan wayo. Wanda ya tsara shi Lancelot Brown ne, wanda aka yi wa laƙabi da Capability saboda duk filin mai kuɗin da ya duba sai ya ce yana da halin a gyara shi. Ya gyara fiye da 170 a faɗin Ingila, ya yi aikin Harewood daga shekarun 1770 zuwa 1781. Gwanintarsa ita ce ya yi aikin hannu ya fito kamar halitta. Tafkin da muka ɗauka Allah ne ya ajiye shi nan, rafi ne aka tare. Tudun da ya gangara a hankali, mutane ne suka sassabe shi da shebur da amalanke. Tsohon gidan da ke wurin, mai suna Gawthorpe, rushe shi aka yi don kada ya ɓata kallo. Ƙauyen Harewood kansa ɗauke shi aka yi aka sake gina shi a wajen ƙofa, shi ya sa har yau tsohuwar majami'ar garin take tsaye ita kaɗai a cikin itatuwa, babu gida ko ɗaya kusa da ita, kamar masallacin da aka bari a kufai.

Akwai kuma wata dabara da ta zama ruwan dare a lambunan irin na Brown, wadda Ingilishi ke kira ha-ha. Rami ne mai tsawo da ake haƙawa a kewaye gida, gefensa na ciki gini ne a tsaye, na waje gangare. Aikinsa aikin shinge ne, yana hana dabba da baƙo matsowa, amma da yake a nutse yake cikin ƙasa, wanda ke tsaye a ƙofar gida ba ya ganinsa. Maigida yana duba waje ya ga duniya a buɗe, babu shamaki tsakaninsa da kowa. Wanda ya taho daga waje kuwa, da ya matso sai ya tarar da bango a gabansa. Ban taɓa ganin wani abu da ya bayyana halin masu hannu da shuni kamar wannan rami ba. Haka cikin gidan ma yake: a ƙarƙashin ɗakunan zinariya akwai wata duniya ta madafa da ɗakunan barori, inda 'ya'yan talakawan Yorkshire suka ƙare ƙuruciyarsu suna hura wuta, suna goge tagulla, suna jiran ƙararrawa, su hau su sauka ta matakalar baya don kada baƙi su gan su. An tsara gidan da lambun gaba ɗaya ne don mai ci kada ya haɗa ido da mai yi, ko na ƙarƙashin bene ne ko na ƙetaren teku.

Wani zai ce, to ai Ingilishi ne suka hana bauta, a yaba musu. Mu duba yadda aka hana. A 1833 Majalisa ta zartar da dokar 'yanta bayi, ta ware fam miliyan 20 na diyya, kimanin kashi 40 cikin ɗari na abin da gwamnati ke kashewa a shekara. Diyyar nan ba ta bayi ba ce, ta iyayen gijinsu ce, saboda an raba su da "dukiyarsu". Su kuwa mutum kusan 800,000 da aka ce an 'yanta, ko anini ba su samu ba, sai ma aka tilasta musu ci gaba da yi wa iyayen gijin aiki kyauta da sunan koyon sana'a har 1838. Wato wanda aka haifa da adda a hannu a gandun rake, shi ne za a koya wa saran rake! Mai gidan Harewood na lokacin, wani Henry Lascelles ɗin, ya karɓi fiye da fam 26,000 a kan mutum 1,277. Ku raba ku gani: kimanin fam 20 kowane rai. Ba a jima ba aka kira Barry ya zo ya gina dandamalin da muka tsaya a kai.

Sa'an nan ku ga yadda zamani yake wanke kuɗi. Ɗan ma'aikacin kwastan ya sami sarautar Baron a 1790. A 1812 gidan ya hau sarautar Earl. A 1922 magajin gidan ya auri Gimbiya Mary, 'yar Sarkin Ingila George na Biyar, ta zauna a Harewood har ta rasu a can a 1965. Sai a 1975 suka sayar da gandunsu na ƙarshe a Barbados. Cikin 'yan zuriya kaɗan warin ɗakin dahuwa ya gushe, saura ƙamshin fure, har ɗan Afirka ya biya kuɗin shiga ya zo yana addu'a Allah ya maimaita masa.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini a cikin bas. Na farko, wai abin da ya wuce ya wuce. Yaushe ya wuce? Gwamnatin Birtaniya bashi ta ci a 1835 don ta biya diyyar nan, kuma Baitulmalinta da bakinsa ya sanar a 2018 cewa sai a 2015 aka gama biyan bashin. Ma'ana, 'yan Karibiyan da suka fara kwarara Ingila daga 1948 suna tuƙa bas suna jinyar marasa lafiya, waɗanda da yawansu suka zauna a unguwar Chapeltown ta Leeds, 'yan mil kaɗan daga ƙofar Harewood, sun yi shekara da shekaru suna biyan harajin da ake zubawa a bashin da aka ci don a sallami waɗanda suka mallaki kakanninsu. Abin da aka gama biya a 2015 ba a kiransa tarihin dā. Shi ya sa ƙasashen Karibiyan suka fito da buƙatunsu guda goma na neman diyya a 2014, shi ya sa kuma Barbados ta sauke Sarauniyar Ingila daga shugabancin ƙasarta a 2021.

Na biyu, wai a zamaninsu ba a ɗauki abin laifi ba, bai kamata a auna mutanen dā da mudun yau ba. Wa bai ɗauke shi laifi ba? Bayin Barbados da suka yi tawaye a 1816 ƙarƙashin Bussa, suka cinna wa gandaye wuta, aka kashe fiye da ɗari daga cikinsu bayan an murƙushe tawayen, sun san laifi ne. Masu ƙuri'ar Yorkshire ma sun san da maganar, domin a zaɓen 1807 shi wannan Henry da ya karɓi diyya daga baya ya tsaya takara tare da William Wilberforce, jagoran masu yaƙi da cinikin bayi, aka yi ta yi masa gorin gandayen gidansu, ya kuwa faɗi duk da maƙudan kuɗin da aka zubar. Mudun yana nan tun a lokacin. Waɗanda ba su so a auna su ne suka kau da kai.

Gaskiya ɗaya ce, dole in faɗi abin da ya kamata a yaba. Masu kula da Harewood sun fi takwarorinsu da yawa ƙarfin hali. An kai takardun gandayen gidan Jami'ar York, an gyara su, an buɗe wa masu bincike. Magajin gidan, David Lascelles, yana cikin jikokin masu bayi da suka haɗu a 2023 suka fito fili suna goyon bayan a gyara ɓarnar. A 2023 ɗin kuma aka rataya hoton David Harewood a gidan, baƙin mutum ɗan wasan kwaikwayo haifaffen Birmingham, wanda ya gano cewa sunan da yake amsawa tambarin mallaka ne, domin kakanninsa bayin gidan Lascelles ne a Barbados. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da, lokacin da hukumar National Trust ta fitar da rahoto a 2020 cewa gidaje 93 daga cikin waɗanda take kula da su suna da alaƙa da bauta ko mulkin mallaka, 'yan majalisa da jaridu suka yi mata caa kamar ta zagi uwarsu. Amma hoto ɗaya a bango bai biya mutum 1,277 ba, kuma masu gidan ma ba su ce ya biya ba. Abin takaicin shi ne, jikan mai bulala ya fara jin kunya, mu kuwa da aka ɗebi mutane daga nahiyarmu muna tsaye a dandamalinsa muna sha'awa.

Wannan sha'awa ba da ita aka haife mu ba, koya mana aka yi. 'Yan mulkin mallaka sun san amfanin yawon buɗe ido. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921. A 1934 aka kai Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman, aka zagaya da su, aka nuna musu fadoji da masana'antu da ƙarfin soja, don su komo su shaida wa talakawansu cewa wanda ya ci su da yaƙi ya cancanci ya mulke su. A 1943 aka kai 'yan jarida, cikinsu har da Abubakar Imam, wanda ya rubuta labarin tafiyar a Tafiya Mabuɗin Ilmi. Su dai waɗannan an kai su ne a kan tsarin da ba su suka zana ba, kuma sun yi kallonsu da idon basira gwargwadon hali. Mu fa? Mu da kuɗinmu muke yankan tikiti, ga littafin Eric Williams na 1944 da na Walter Rodney na 1972 suna kwance a laburaren kowace jami'a tamu, amma muka tsaya inda aka tsara baƙo ya tsaya, muka kalli inda aka tsara ya kalla.

Na uku, shi ne wanda ya fi nauyi, kuma ba zan kauce masa ba. Abokina ya ce, "Malam, ai mu ma mun yi bauta." Ƙwarai kuwa mun yi. Masana tarihi sun kiyasta cewa lokacin da Turawa suka ci Daular Sakkwato akwai bayi tsakanin miliyan ɗaya zuwa miliyan biyu da rabi a cikinta. Kalmomin rinji da gandu da cucanawa ba daga Ingilishi muka aro su ba. Fanisau, nan arewa da birnin Kano, cike take da gandayen da bayi ke nomawa. Lugga ya yi shelar 1901 wadda ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, amma ya bar sauran a hannun iyayen gijinsu don kada ya ɓata da sarakuna, sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a Arewa. Ta hanyar murgu da fansa kuwa, bawan ne da kansa ya yi ta biyan ubangijinsa har ya sayi kansa. A nan ma mai mallaka aka sallama. Sai dai wannan magana ba ta wanke Harewood ba, ƙara mana aiki ta yi. In haka ne, tambayar tsohuwar nan ta ƙauye, a ina ya samo, sai mu komo da ita gida, mu yi ta a ƙofar kowane soro da kowace ganuwa da muke alfahari da su. Wa ya kwaɓa ƙasar? Wa ya ɗauki tubalin a ka? Me ya sa muka haddace sunayen sarakunan da aka ce sun gina, ba mu san sunan ko mutum ɗaya da ya ɗora ba? Masu Harewood sun buɗe takardunsu. Sassan tarihi na jami'o'inmu da ƙungiyoyin ɗalibai su nemi a buɗe namu, a je rinji-rinji a ɗauki maganar tsofaffin da suka rage kafin ƙasa ta rufe su.

Ramin nan ma mun gāje shi. Da Turawa suka zo tsara garuruwanmu, dokarsu ta ce a bar fili mai faɗin yadi 440, ba gini ba bukka, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don sauro. Aka dasa itatuwa, aka yi filin golf da na folo, aka kai ɗakunan boyi-boyi can ƙurya inda mai shan shayi a baranda ba zai hango su ba. Bature ya tafi a 1960, mu muka shiga, ba mu cike ramin ba, sai ma muka ɗora masa katanga da waya mai ƙaya. Ku zaga unguwannin manya a Kano ko Kaduna ko Abuja ku ga ginshiƙai irin na Yorkshire, ku ga ciyawar da ake shayarwa da ruwan burtsatse a tsakiyar bazara, alhali a ƙetaren titi yara na layi da jarka. Ku tambayi albashin mai gidan, ku yi lissafi da kanku. Ba duk mai babban gida ne ɓarawo ba, na sani, akwai wanda guminsa ne. Amma mun san da yawa waɗanda hanyarsu ita ce ta Henry Lascelles sak: kujerar gwamnati, kwangila, zargi, bincike, shiru, sa'an nan sarauta da rawani. Shi rake ya matsa. Namu kuɗin asibiti da na fansho da na alli suke matsawa, waɗanda ke mutuwa a dalilin haka kuma an kai su nesa da baranda.

Wannan ne ya sa nake magana da ku musamman. Ku ne za ku riƙe fayil gobe, ku za ku sa hannu a takardar biya, ku za a tura kwas a zagaya da ku irin waɗannan gidaje ranar hutu. Ban ce kada ku je ba. Ku je, ku ga aikin Chippendale, domin hannun kafinta bai yi laifi ba, ku zauna a bakin tafkin ku sha iska. Amma ku sauka ƙarƙashin bene ku daɗe a madafa kamar yadda kuka daɗe a zaure, ku nemi allon da ya yi maganar Barbados ku karanta shi har ƙasa, in kuma za ku aiko da hoto gida, ku aiko da lambar nan 1,277 tare da shi. Kafin ku ce amin ga addu'ar wani, ku san abin da ake roƙa, domin ba a taɓa gina eka dubu na kallo da albashin ma'aikaci ba, kuma ku kun fi kowa sanin haka tun da ku ke rubuta takardar albashin.

Da yamma muka koma bakin hanya muna jiran bas, ana yayyafi. Na karanta wa abokin nan nawa abin da na kwafo daga allon tarihin gidan, na yi masa lissafin fam ashirin-ashirin. Ya yi shiru har muka wuce unguwanni biyu, yana kallon taga. Da muka kusa sauka sai ya juyo ya ce, "Gaskiya ne, Malam, abin ba daɗin ji. Amma don Allah ka turo mini hoton nan da ka ɗauke ni a kan dandamali, maigidana na ofis ya ce in nuna masa irin ginshiƙan, yana gini." Na tura masa a daren.